"Ganye ne, ba ya illa": abin da ya kamata iyaye su tambaya kafin su ɗura wa yaro

Kasuwar maganin gargajiya a Gana ta daɗe da barin gindin bishiya. Yau tana cikin rediyo tun kafin a kira sallar asuba, tana cikin motar haya da ke tashi daga Kejetia ko Nima, tana talabijin, tana kuma cikin wayar kowace uwa, a saƙon muryar da ake ta turawa a zauren WhatsApp na dangi. A da masu wannan sana'a sun fi neman maza da maganin basir da na ƙarfin jiki, mata kuma da maganin sanyi da na haihuwa. A 'yan shekarun nan na lura sun juyo kan yara. Akwai na haƙori, akwai na buɗe ciki yaro ya ci abinci, akwai na ƙiba, na fitsarin kwance, na kaifin ƙwaƙwalwa gab da jarrabawa, har da wanda ake rantsuwa cewa yana wanke sikila daga jini. Kwalabe daban-daban, amma maganar ɗaya ce: "Ganye ne zalla, ba sinadari a ciki, ba ya illa."

Ni malamar makaranta ce, kimiyya nake koyarwa a ƙaramar sakandare a ɗaya daga cikin zangunan Kumasi, kuma ni ma uwa ce. Ban karanci likitanci ba. Abin da ke hannuna shi ne littafin kiran suna, kuma shi ke nuna mini wane yaro ne ya yi mako biyu bai zo ba, wane ne ya dawo idonsa fari fat, wane ne bai dawo ba sam. Idan na bi sawu har gida, sau da yawa labarin iri ɗaya ne: zazzaɓi ya fara, an sayi kwalba, an jira a ga aikinta, sai da yaro ya galabaita aka nemi mota.

Ganye ma sinadari ne

Mu fara da kalmar da aka fi yaudarar mu da ita. Duk ganyen da ke aiki a jiki, sinadarin da ke cikinsa ne ke aikin. In ba sinadari a cikinsa, to ruwa aka sayar maka. In kuwa akwai, dole ya kasance yana da adadin da ya dace da adadin da ya wuce kima. Kakanninmu sun san wannan sarai. Zaƙami tsiro ne da Allah Ya halitta, amma ba a banza ake ce masa haukata-yaro ba. Rogo mai ɗaci sai an jiƙa shi an sarrafa kafin a ci, in ba haka ba ya yi kisa. Ƙwayar zurma da ake matse mai daga cikinta guba ce idan yaro ya tauna. Babu tsohuwar da za ta ce maka waɗannan ba sa illa don kawai daga ƙasa suka fito.

Jikin yaro kuma ba ƙaramin jikin babba ba ne. Hantar jariri da ƙodarsa ba su gama ƙwari ba, shi ya sa a asibiti sai an ɗora shi a sikeli kafin a rubuta masa magani. Mai kwalba a mota fa? Ma'auninsa "rabin kofin shayi safe da yamma". Wane kofi? Kwanon wa aka dafa ganyen a ciki, na awa nawa, da ruwa mai yawan me? Tukunyar yau da ta jibi ba za su taɓa zama ɗaya ba, shi kansa bai san ƙarfin abin da ya ɗura a kwalbar ba.

Kada a ɗauka raina itatuwa nake yi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu a asibiti yau, tushensa ganye ne, wani tsiro ɗan'uwan tazargade. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka bi ɗimbin tsofaffin haɗe-haɗen gargajiya ɗaya bayan ɗaya, suka gwada, suka watsar da waɗanda ba sa aiki, har suka tace sinadarin a farkon shekarun 1970. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Kafin shi akwai kwinin, wanda daga ɓawon itace aka samo shi. A nan gida ma muna da cibiyar binciken magungunan tsirrai a Mampong-Akuapem, wadda aka kafa a 1975 bisa aikin Dakta Oku Ampofo, kuma jami'ar KNUST ta fara ba da digiri a fannin maganin tsirrai tun 2001. Abin da ya raba waɗannan da mai lasifika a tasha shi ne su sun yarda a gwada, a auna, a faɗi illa in akwai. Shi kuwa rantsuwa ce hujjarsa.

Me ya sa muke ganin kamar ya yi aiki?

A aji na kan sa ɗalibai su shuka wake a gwangwani biyu, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya, sai ɗaya kawai a sa masa taki. In gwangwani ɗaya ka shuka, ka sa taki, wake ya fito, ba ka da ikon cewa takin ne, don wataƙila ko ba taki zai fito. Yara 'yan shekara 13 suna gane wannan cikin minti biyar. Mu manya ne muke mantawa da shi idan ɗanmu na kwance.

Yawancin mura da tari da ƙananan zazzaɓin yara suna wucewa da kansu cikin mako guda ko makamancin haka. Uwa ta ba da jiƙo a rana ta uku, yaro ya miƙe a rana ta biyar, sai jiƙo ya samu suna. Da ruwan ɗumi ta ba shi, da shi ma ya samu sunan. Sai ta gaya wa maƙwabciya, maƙwabciya ta yi saƙon murya, a kira ta a rediyo ta ba da shaida. Uwar da ta ba da jiƙon nan, yaronta ya rasu a hanyar asibiti, ba wanda zai miƙa mata makirufo. Ita kanta za ta ce kwana ne ya ƙare, ta yi shiru. Don haka shaidar waɗanda suka tsira kaɗai muke ji.

Akwai kuma wata dabara mafi muni. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama haɗin da aka rubuta wa "na ganye" alhali an daka ƙwayoyin asibiti an zuba a ciki, musamman masu kashe raɗaɗi da masu sa kumburin jiki. Yaro ya sha, kumatu su cika, gida ya ɗauki murna wai ya yi ƙiba. Wannan ba ƙibar lafiya ba ce, irin waɗannan ƙwayoyi suna raunana garkuwar jiki, suna kuma iya tauye girman yaro idan aka daɗe ana sha.

Haƙori, zuma da kwalli

In akwai abin da ya fi cin rayukan jariranmu a ɓoye, ina ganin kalmar nan ce: "Ai haƙori ne." Yaro na gudawa, jiki zafi rau, a ce haƙori yake yi, a nemo maganin haƙori. Gaskiyar ita ce fitar haƙori na iya sa dasashi ƙaiƙayi, yawu ya yawaita, yaro ya yi ta ƙananan rigima, amma ba ya kawo gudawa mai tsanani ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa shi ne lokaci ne ya zo ɗaya. Wajen wata shida haƙori ke fara fitowa, a daidai lokacin ne yaro ke fara jan ciki yana kai komai baki, a lokacin ake fara ba shi koko da ruwa, a lokacin kuma kariyar da ya samo daga jikin uwa ke raguwa. Ƙwayar cuta ce ta shiga, haƙori ya ɗauki laifi.

Maganin gudawar yaro kuwa yana nan, mai araha, a kowane kantin magani: ruwan gishiri da sukari na ORS da za a haɗa daidai yadda aka rubuta a jikin takardar, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba da nono. Rashin ruwa a jiki shi ke kashe yaro mai gudawa. Shi ya sa al'adar nan da muka ara daga maƙwabtanmu, ta ɗura wa jariri ruwan citta da barkono ta dubura da bentua wai don a wanke ciki, take ƙara wa wuta fetur. Yaron da ruwa ke fita daga jikinsa, an ƙara buɗe masa hanya.

Zuma fa? Abu ne mai albarka, ba Musulmin da zai yi musun haka, a gidana ma ba ta yankewa. Sai dai likitocin yara a duniya sun haɗu a kan cewa kada a ba wa yaron da bai cika shekara ɗaya ba, domin takan ɗauko ƙwayar wata cuta da hanjin babba ke iya kawarwa amma na jariri bai iya ba, ta kuma saki guba mai kashe jijiyoyi har numfashi ya gagara. Wata shidan farko nonon uwa kaɗai ya ishi yaro, ko ruwa ba ya buƙata, balle jiƙe-jiƙe.

Sai kwalli, wanda ya fi damuna a matsayina na malama. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun tarar da dalma mai yawa a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan iyaye 'yan Najeriya. Da aka bincika, sai aka gano tozalin da ake sa masa ne, aka auna shi aka samu fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Irin wannan dutse mai ƙyalli shi ne dai ake sayarwa a kasuwanninmu. Yaro ya murza ido ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga. Dalma ba ta sa ihu, ba ta sa zazzaɓi. A hankali take cin ƙwaƙwalwa, sai bayan shekaru yaro ya zo gabana yana fama da karatu, a ce masa daƙiƙi, a sayo masa maganin kaifin ƙwaƙwalwa.

Kwanakin da ake ɓatawa

Ko da kwalbar ba ta da guba ko kaɗan, tana da wata illa da ba a rubutawa a jikinta: tana cinye lokaci. Zazzaɓin cizon sauro na iya juyewa ya zama mai tsanani ga ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, ya shanye jini, ya taɓa ƙwaƙwalwa, a fara jijjiga. Gwajin jini na yatsa kuwa bai wuce minti 20 ba. Limoniya ma haka take, tarin da ake ba wa jiƙo yau, jibi ya zama numfashi sama-sama. Jaririn da idonsa ya yi ruwan ɗorawa a makon farko, shanya shi a hantsi ko ba shi ruwan sukari ba ya wadatarwa, akwai fitila ta musamman da ake sa shi a ƙarƙashinta a asibiti, in aka makara shawarar kan bar masa naƙasa ta har abada. A nan Asante mun saba jin ana cewa wannan asram ne, ba ciwon asibiti ba ne, mu ma a zango mun ɗauka. Jaririn da ya ƙi kama nono, ya yi laushi, ko maɗigarsa ta faɗa, duk sunan da aka sa wa ciwon, na asibiti ne, kuma na gaggawa.

Na taɓa samun wata ɗaliba mai sikila, yarinya mai ƙoƙari, tana zuwa asibiti a kan kari, ana ba ta magungunanta. Wani mai magani ya ce wa mahaifinta a ba shi wata uku zai mayar da jininta irin na kowa, da sharaɗin a daina na asibiti don kada su yi karo. Aka biya kuɗi masu yawa, aka daina. Zangon karatu guda ta yi a kwance, sai da aka yi mata ƙarin jini. Sikila a cikin halitta take, gado ce daga uwa da uba, babu saiwar da ke sauya ta. Abin da ke akwai shi ne kulawa: gano ta da wuri, maganin kariya daga ƙwayoyin cuta, rigakafi, shan ruwa sosai, da maganin hydroxyurea mai rage yawan tashin ciwon. A nan Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai sabbin haihuwa a 1995, ƙarƙashin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Alama mafi girma ta mayaudari ita ce wannan sharaɗi na "ku ajiye na asibiti".

"Malama, kin taɓa kwana a layi?"

Na yi wannan magana a wani taron iyaye da malamai, sai wata dattijuwa ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, duk mun ji. Amma ke kin taɓa zuwa asibiti tun asuba da yaro a goye, ki kai la'asar ba ki ga likita ba? In kin gan shi ya yi miki Turanci, nas ta daka miki tsawa da Twi, a ƙarshe a ce maganin babu, je ki saya a waje? Shi wancan da kike zagi, da Hausa yake gaishe ni, ya tambayi mai jiki, in ba ni da kuɗi ya ce Hajiya kawo in kin samu."

Na ce, "Hajiya, wallahi gaskiyarki." Don gaskiyarta ne. Iyayenmu mata ba wawaye ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce layi, tsada, wulaƙanci da rashin mai jin harshenka. Amma na ƙara da cewa, "Hajiya, gaisuwarsa mai daɗi ce, sai dai ba ta nuna ko akwai ƙwayar zazzaɓi a jinin jikanki. In jikin ya rikice cikin dare, shi zai kashe wayarsa, wancan layin dai za ki koma, kuma a lokacin kuɗin ya ninka." Gyaran asibiti haƙƙinmu ne mu nema da babbar murya. Kafin a gyara, katin inshorar lafiya na NHIS yana ɗauke gwaji da maganin zazzaɓin cizon sauro, ana kuma sabunta shi ta waya da lambar *929#. A duba shi tun yaro na lafiya, kada sai an isa gaban tebur a tarar ya mutu.

Wani abin da ke ɗaure mana hannu shi ne rigar addini. Da yawa daga cikin masu tallar nan da bisimilla suke buɗewa, su ambaci habbatus sauda da zaitun da zuma, sai mutum ya ji kamar in ya yi tambaya ya yi saɓo. A'a. Tambayar ɗan kasuwa me ya zuba a kwalba ba musun addini ba ne, kamar yadda duba mudu a kasuwa ba rashin tawakkali ba ne. Magabatanmu na fannin likitanci ba da rantsuwa suka yi aiki ba. Ar-Razi ta hanyar lura da marasa lafiya ya bambance ƙyanda da agana. Ibn Sina a littafinsa Al-Ƙanun ya jera sharuɗɗan da za a bi kafin a yarda cewa magani na aiki, ciki har da a ga tasirinsa yana maimaituwa, ba sau ɗaya bisa dace ba. A yi addu'a, a yi tofi, a kuma ɗauki yaro a tafi a gwada jininsa. Ɗaya bai hana ɗaya ba.

Me doka ta ce, me za mu duba?

Mutane da yawa ba su san cewa dokar kiwon lafiyar jama'a ta Gana ta 2012 ta hana tallar magani da sunan warkar da wasu cututtuka ba, ciki har da ciwon daji, ciwon suga, hawan jini, farfaɗiya da tarin fuka. Kowane maganin da aka ɗura a kwalba don sayarwa, na ganye ko na bature, dole ne ya samu rajistar hukumar abinci da magunguna ta FDA, tallarsa ma sai ta amince. Masu maganin gargajiya kuma suna da majalisar da ke yi musu rajista bisa dokar shekarar 2000. Duk wanda ka ji a rediyo yana cika baki zai warkar da farfaɗiyar yaro, tun kafin ka duba kwalbarsa ya riga ya taka doka.

Wannan ba yana nufin duk abin da ya fito daga masana'anta tsarkakakke ba ne. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya, saboda wani sinadari mai lalata ƙoda da ya shiga cikinsa. A 2022 kusan yara 70 suka rasu a Gambiya bayan shan wasu magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya. Darasin da na ɗauka shi ne: an iya gano waɗannan, aka janye su daga kasuwa, domin suna da suna, da lamba, da adireshin wanda ya yi su. Gorar da ba rubutu a jikinta, wadda aka ɗura daga bokiti a bayan gida, in ta yi ɓarna wa za a kama? Wa ma zai san ita ce?

Don haka kafin ki buɗe wa yaro baki, ki tambaya. Mene ne a ciki, an rubuta? Akwai lambar FDA, ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace? An faɗi adadin da yaro mai shekarunsa zai sha? Ciwo ɗaya yake magani ko ashirin? Wanda aka ce yana maganin basir da taifot da sikila da fitsarin kwance a lokaci guda, ki ajiye musu kayansu. In kuma kin riga kin ba shi wani abu kafin ku je asibiti, ki tafi da kwalbar, ki faɗa wa likita gaskiya ko da zai yi faɗa, don sanin abin da yaro ya sha na iya sauya maganin da za a ba shi.

Akwai alamomin da ba a jira da su ko na awa ɗaya, ba a kuma tsayawa neman shawarar zauren WhatsApp: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, jijjiga, barcin da ba a iya tada shi, numfashi da sauri ko haƙarƙari na lomawa ciki, jini a bayan gida, ido ya faɗa, tafin hannu ya yi fari, ko kowane irin zazzaɓi ga jaririn da bai kai wata biyu ba.

Roƙona ga limamanmu shi ne su ware ko minti biyar na huɗuba su faɗi waɗannan alamomi, don maza ne ke riƙe da kuɗin mota, sau da yawa kuma izininsu ake jira. Masu gidajen rediyon da ke shirye-shiryen Hausa su nemi takardar FDA kafin su karɓi kuɗin talla. Asibitocin da ke maƙwabtaka da zanguna su ajiye ko mutum ɗaya mai jin Hausa a wurin karɓar kati. Mu malamai kuma, duk yaron da ya yi kwana uku ba a gan shi ba, mu aika gida a tambaya ko an gwada jininsa. Allah Ya raya mana su, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.